Yadda na canja man giyar Camry ɗina a gidan Kawu

Duk wanda ya daɗe yana tuƙi a Makka ya san maganar nan: man giyar otomatik ba a taɓa shi, ranar da ka canja shi ranar giya za ta kama ciwon ajali. Ana faɗinta a majalisar direbobi a Rusaifa, ana faɗinta a Shari'u Mansur, har wasu masu warsha, wato garejin gyaran mota, ma ita za su gaya maka in ka tambaye su. Ni ban yarda da ita ba, amma ban raina masu faɗinta ba, don akwai abin da suka gani da idonsu. Abin da ke damuna shi ne motocin mutanenmu da ke kwance a ƙofar gida ƙura ta rufe su, inji lafiya lau, giya ce kawai ta ƙone, mai motar kuma ba shi da kuɗin da za a buɗe ta a yi mata tawdib, wato a kwance ta a gyara cikinta gaba ɗaya. Ga mutumin da mota ce abincinsa da na 'ya'yansa, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Tawa Camry ce ta 2005, silinda huɗu, inji 2.4, giya huɗu. Tana cikin waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar Toyota ta Altona, kusa da Melbourne a Ostareliya, ana turo su ƙasashen Larabawa kafin a rufe masana'antar a 2017. Hannu na biyu na saye ta, ta haura kilomita 200,000, wanda ya sayar mini kuma bai san ranar ƙarshe da aka duba man giyarta ba. Ba ta da hutu. Ga Jidda da dawowa, ga cunkoson azumi inda za ka daɗe ƙafarka na kan birki mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, na ta aiki, sannan in zafi ya tsananta a ɗebi iyali a hau dutsen Kara zuwa Hada da Ɗa'if. Makka ba ta kai mita 300 daga saman teku ba, Hada kuwa tana wajen mita 2,000. Duk wannan hawan giya ce ke ɗaukarsa, zafinsa kuma cikin mai yake taruwa.

Mutane da yawa sun ɗauka man giya shafawa kawai yake yi kamar baƙin mai na inji. A giyar otomatik shi ne ke ɗauko ƙarfin inji ya kai wa giya ta cikin kwanbata, abin da ke haɗa inji da giya, shi ne famfo ke turawa da ƙarfi ta ƙananan hanyoyin ƙwaƙwalwar giya, wato sashen bawul-bawul da ke rarraba mai, ya matse faya-fayan kulochi su kama, shi ne kuma ke kwashe zafi ya kai lagireto ya huce ya dawo. An zuba masa sinadaran da ke sa faya-fayan su kama a hankali, ba su zame ba, ba su kuma fizga ba. Zafi ne ke cinye waɗannan sinadaran. Garin da ma'aunin zafi ke haura digiri 45 da rani, man giya ba zai yi tsawon ran da yake yi a ƙasar sanyi ba, ko me aka rubuta a jikin gwangwani.

Abin da na fara lura da shi, da safe in na sa D, giyar tafiya gaba, sai motar ta ɗan yi jinkiri kafin ta kama, bayan doguwar tsayuwa a cunkoso kuma sai ta buga in za ta tashi daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu. Na kai ta wurin Kawu a unguwar Shara'i. Ya yi shekaru yana jigilar alhazai tsakanin Makka da Madina, kuma bai taɓa yarda wani ya taɓa masa mota ba sai in aikin ya fi ƙarfinsa. Ya zaro sandar awo, ya ɗiga man a kan farin tishu, ya ɗaga shi ya duba a haske, ya kai hanci.

"Ya gaji, amma bai ƙone ba," in ji shi.

"Kawu, to a canja ko a bari? Kowa cewa yake a bari."

"Ɗana, wanda ake bari shi ne wanda ya zama baƙi ƙirin yana warin ƙonewa, giya kuma ta riga ta fara zamewa. Wannan ko ka canja ko ka bari, warsha zai kai ka. Naka ruwan ƙasa ne, har yanzu da sauran ja a gefensa. A canja, amma a hankali."

A nan ne tushen waccan maganar yake. Yawancin mutane ba sa tuna man giya sai ta fara ba su wahala. Lokacin faya-fayan sun riga sun cinye, garinsu na yawo a cikin tsohon mai, wannan kaurin ne ma ke ɗan taimaka musu su kama. Sai a zuba sabo mai tsabta, zamewar ta fito fili, a ce ai sabon mai ne ya kashe ta. Giyar ta riga ta mutu tun kafin a buɗe gwangwani. Wani lokacin kuma man da bai dace ba aka zuba, ko aka cika shi ya wuce ƙa'ida, ko aka sa na'urar nan ta tura mai da ƙarfi a tsohuwar giya ta tayar da dattin da ya kwanta shekaru, ya je ya maƙale a ƙwaƙwalwa. Kawu ya ƙara mini da abu ɗaya: in na taɓa ganin man ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara, to ruwan lagireto ne ya shiga, kada in ƙara tuƙa ta ko taku ɗaya.

Don haka muka tsaya a kan tsiyayewa da mayarwa, ba na'ura. Giyar tana ɗaukar wajen lita 8, amma in ka kwance notin ƙasa abin da ke fita bai wuce lita 3 da rabi ba, sauran yana cikin kwanbata da tiyoyin lagireto. Kamar randar da ruwanta ya gurɓace ce kuma ba ka da ikon juye ta: ka kwashe kusan rabi ka cika da mai kyau, ka bari ya gauraya, ka sake. A karon farko fiye da rabin tsohon mai na nan, a na biyu saura kusan kashi ɗaya cikin uku, a na uku bai kai ɗaya cikin biyar ba. Giyar ma ta samu ta saba da sabon man sannu a hankali.

Batun sayen mai ban yi ciniki a kansa ba. A kan sandar awon motata an rubuta T-IV, nau'in man giya na Toyota, haka ma a littafinta, shi na nema. Wani mai shago ya so ya ba ni Dexron, ya ce ai duk ja ne, duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Dexron ƙa'idar kamfanin General Motors ce tun 1967, kuma akwai tsofaffin motocin Toyota da ita suke sha, amma ba wannan giyar ba. Man WS kuma, wanda Toyota ta koma kansa a motocin da suka biyo baya, ya fi T-IV tsinkewa, kamfanin da kansa bai ce a musanya su ba. Man giyar CVT, wani nau'in giyar otomatik, kuwa wani abu ne daban. Launi ba ya nuna komai, rini ne ake sawa don a bambanta shi da baƙin mai. Ga kuma jabu a kasuwa, gwangwani sak na asali, abin ciki Allah kaɗai ya san mene ne. Sai na tafi wurin sayar da kayan gyara na Abdul Latif Jameel, wakilan Toyota a Saudiyya tun 1955, na ɗauki gwangwani uku masu lita 4, da filta da zoben robarta, da gasket na kwano, da sababbin washa na notin tsiyaya. Na ba su lambar shasi suka fitar da kayan da ita, don kada a ba ni na giya biyar.

Ban yi aikin a unguwarmu ba. Gidanmu a gangare yake kamar yawancin gidajen Makka, awon man giya kuma ba ya yiwuwa sai a shimfiɗaɗɗen wuri. Filin gidan Kawu siminti ne, a miƙe, ga rumfa. Ranar Juma'a bayan sallar asuba na kama hanya ni da ƙanena. Tafiyar ta isa ta ɗumama man, don mai ɗumi ya fi gudu, ya fi kuma fitowa da datti. Amma man da ya kai digiri 80 yana sale fata, saboda haka da muka isa sai muka kashe ta, muka zauna muka ci ful da tamis muka sha shayi, har kwanon giyar ya zama ana iya dafa shi da tafin hannu.

Muka ja birkin hannu, muka tokare tayoyin baya da bulo, muka ɗaga gaba da jak, muka zaunar da ita a kan ƙafafun ƙarfe biyu. Kawu ya kama motar ya jijjiga ta da ƙarfi kafin ya bar ni in shiga. Ina roƙon duk wanda zai yi wannan aikin, don Allah kada ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. Ƙarfen da ya kusa tan ɗaya da rabi ne a kan ƙirjinka.

A ƙasa kwano biyu ne kusa da juna, kuma a nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa da sauƙi. Na baƙin mai yana ɓangaren fasinja, notinsa na sifana 14 ne. Na giya yana ɓangaren direba, shimfiɗaɗɗe, notinsa rami gare shi, sai da alanki mai lamba 10. Na goge ramin tas, na tura alankin ya shige har ƙarshe kafin in murɗa, don in ya tsaya a rabi zai cinye ramin. Ya yi gardama kaɗan, sannan ya saki. Man ya zubo cikin roba, ruwan ƙasa mai duhu, ya fi yadda na gan shi a tishu muni. Muka bar shi ya tsiyaye har ya koma ɗiga.

Tunda ban san tarihin motar ba, a wannan karon na farko sai na sauke kwanon gaba ɗaya. Noti 18 ne ƙanana masu lamba 10. Yawancinsu a fili suke, amma akwai 'yan kaɗan da suka ɓuya a saman ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji, soket ba ya shiga, sai da siririyar sifana ana juyawa kaɗan-kaɗan. Su suka cinye mini lokaci fiye da duk sauran aikin. Na bar noti biyu a sassauce a gefe guda, na karkato kwanon ta ɗaya gefen ragowar man ya zube, sannan ƙanena ya tallabe shi na ƙarasa.

Kawu ya ce a kawo masa kwanon kafin a taɓa shi. A gindinsa akwai ƙananan maganaɗisu, duk sun lulluɓe da wani laka mai launin toka. Ya lakato ya murza tsakanin yatsunsa ya daɗe yana murzawa.

"Laushi ne, babu tsini. Wannan cin yau da gobe ne. Da na ji ɓarɓashin ƙarfe, ko na ga wani abu na ƙyalli kamar tagulla, da na ce ka mayar da kwanonka mu nemi mai giya."

Sai a lokacin hankalina ya kwanta. Wannan dubawar kaɗai ta isa dalilin sauke kwano, don ita ce ke gaya maka gaskiyar abin da ke cikin giyarka, ba hasashe ba.

Filtar noti uku ke riƙe da ita, tana saukowa da wani ragowar mai da zai wanke maka hannu in ba ka shirya ba. Na tabbata tsohon zoben roba ya fito tare da ita bai maƙale a rami ba, na shafa wa sabon zoben sabon mai, na tura filtar ta zauna. Kwanon muka wanke shi da feshin wanke birki, muka bar shi ya bushe da kansa, muka mayar da maganaɗisun inda muka same su. Ba mu goge cikinsa da tsumma ba. Zare ɗaya ko ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta riƙe bawul a ƙwaƙwalwar giya, ga shi kuma iskar Shara'i ba ta rabuwa da ƙura, shi ya sa duk abin da muka wanke sai mu rufe shi da leda. Gasket ɗin a bushe na sa shi, ban shafa silikon ba, don abin da ya matso ta ciki gutsurewa yake ya bi mai.

Wurin ɗauri ne na fi taka-tsantsan. Jikin giyar alminiyam ne, notin kwano kuma abin da littafi ya ba su bai kai 8 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) cikakke ba, ɗaurin da yatsu uku ke iya yi. Mai hannun da ya saba da notin taya zai cinye zaren ko ya tsinke notin bai ma sani ba. Na kama su duka da hannu tukuna, sannan na bi su da sifana mai awon ƙarfi, wannan gefe sai na daura da shi, har na zagaye. Notin tsiyaya ya samu sabuwar washa, shi kuma 49 Nm.

Kafin in buɗe sabon mai sai da na auna tsohon. Na juye shi a jarkar da ke da alamar lita, har da wanda ya fito daga kwano da filta, ya tashi lita 4 saura kaɗan. Wannan awon shi ne jagora, ba lambar da ke cikin littafi ba, domin yadda aka ɗaga mota da tsawon lokacin da aka bar ta tana ɗiga duk suna canja abin da ke fita. Muka sauke motar ƙasa, na sa dogon mazurari a bututun sandar awo, na riƙa zubawa a hankali don bututun siriri ne, in ka yi sauri sai ya tofo. Na tsaya ƙasa kaɗan da abin da ya fita. Ƙari abu ne mai sauƙi, ragewa kuwa sai ka sake komawa ƙasa.

Na tayar da inji, ƙafata a kan birki, na bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya daga P har L, ina ɗan tsayawa a kowace, na dawo P. Inji na aiki na zaro sandar, na goge, na mayar har ƙarshe, na sake zarowa. Man giya ba a auna shi inji a kashe, saɓanin baƙin mai. Sandar tana da alama biyu, COOL da HOT. Ta COOL kimantawa ce kawai don ka san ba za ka fita da giya babu mai ba. Awon gaskiya a HOT yake, lokacin da man ke tsakanin digiri 70 da 80, domin yana kumbura in ya yi zafi. Muka fita muka zaga ta hanyar Sail kamar rubu'in sa'a, muka dawo kan simintin nan, na sake aunawa, ya tsaya a ƙasan alamar HOT. Na ƙara kaɗan, na jira wanda ya shafi bututun ya gangara, na sake dubawa, har ya zauna tsakanin layukan biyu a fuskokin sandar duka. Ba a so ya gaza, don famfo zai ja iska faya-fayai su zame su ƙone. Ba a kuma so ya wuce, don ƙarafan da ke juyawa za su kaɗa shi ya yi kumfa, mai kumfa kuma ba ya matsa kulochi. Littafin motar ya ce in an yi dogon gudu ko an daɗe a cunkoso cikin zafi a jira kamar rabin sa'a kafin awo. Mu nan wannan gargaɗin kusan kullum ya shafe mu.

Ƙanena ya leƙa ƙasa da tocila ya bi gefen kwanon, babu ɗigo. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da daddare, da safe yana nan a bushe. Sauran zagaye biyun ba su da wahala, noti ɗaya ne kawai, a tsiyaye, a auna, a mayar, da tazarar 'yan ɗaruruwan kilomita a tsakani. A na ƙarshe abin da ke fitowa ya koma ja.

Tsohon man na tara shi a jarkoki na kai wa mai bansher, wato mai facin taya, da nake canja baƙin mai a wurinsa, suna da tankin da suke tarawa ana zuwa ana kwashewa. Bai halatta a zuba shi a kwata ko a bayan gida ba. Baladiyya, hukumar gari, na cin tara, kuma ko babu tara, ruwan sama ɗaya zai kwashe shi ya bi kwari ya kai wa wasu.

Jinkirin safe ya ragu sosai, bugun nan na ɗaya zuwa biyu ya yi laushi, ko da yake in ta sha cunkoso har yanzu nakan ɗan ji shi. Ban yi tsammanin fiye da haka ba, sabon mai ba ya mayar da abin da ya riga ya cinye a jikin faya-fayai. Da muka hau Kara bayan nan ba ta yi ta neman giya tana sama tana ƙasa ba, a gangarowa kuma na sa ta a 2 inji ya riƙe ta birki ya huta. Na rubuta kilomita a takarda na manna a jikin ƙofa, na ɗaura wa kaina tsiyaya ɗaya duk kilomita 40,000.

Wani maƙwabcinmu da ya ga haka ya zo da tasa Camry ɗin ta 2013, mai giya shida, ya ce in taimaka masa. Na buɗe bonet na nuna masa babu sandar awo. Irin wannan WS take sha, ta wani noti a gefen giya ake zuba mata, kuma ana daidaita man ne ta bututun ambaliya da ke cikin notin ƙasa, mota a ɗage a miƙe, inji na aiki, man kuma yana wajen digiri 40. Da rani a Makka motar da ke ajiye a inuwa ma manta ya kai haka ko ya wuce tun ba a tayar da ita ba, in aka buɗe a lokacin sai ya zubar da fiye da ƙa'ida a bar giya da ƙarancin mai. Na ce masa, "Malam, wannan ba ta gida ba ce. Ka nemi warshar da ke da kwamfutar karanta zafin man giya, ka kai ta da daddare ta kwana a can, a yi aikin da sassafe, in da hali ma ka bari sai sanyi ya shigo."